Tsohon man suya a cikin kwalta: gyara ne ko ɓarna?

Filin Tambayi Injiniya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni mai tuyar ƙosai da dankali ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Yarona da ke karatu a Poli ya zo mini da labarin wai a ƙasashen waje tsohon man suya suke zuba wa kwalta don kada titi ya tsufa da wuri. To ga titin layinmu, shekara huɗu ke nan da zuba masa kwalta, ya koɗe ya yi toka-toka, duk ya tsattsage. Ni kuwa kowane mako sai na zubar da man da ya ƙone ya yi baƙi. In gaskiya yaron ya faɗa, in riƙa tarawa ina bai wa masu facin titi, ko da sayarwa ne? — Wata Hajiya, Tudun Wada

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Yaronki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki. Kada ki miƙa wa masu faci man nan, ki saurari ɗaya rabin tukuna.

Abin da tifa ke juyewa a titi yana hayaƙi, yawancinsa dutse ne. A cikin kilo 100, kusan kilo 95 tsakuwa ce da yashi da ƙurar dutse, baƙin abin nan mai danƙo bai wuce kilo 5 ba. Ita ainihin kwaltar, ragowa ce da ke kwantawa a ƙasa bayan matatar mai ta ɗebe fetur da kananzir da gas daga ɗanyen mai. Matatarmu ta Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen yin kwalta, kuma da ɗanyen mai mai kauri na ƙasashen waje aka tsara sashen zai yi aiki, domin namu na Neja Delta tsinkakke ne. Yau mafi yawan wadda muke shimfiɗawa shigo da ita ake yi, alhali ga ta Allah kwance a ƙarƙashin ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo. Wannan maganar wata rana ce.

Ki ɗauki kwalta kamar markaɗen gyaɗa. Da mansa a jiki, yadda kika murza shi haka zai bi. Ki matse man ki soya, ya zama ƙuli-ƙuli, kina lanƙwasawa ya karye. Kwalta ma haka take: akwai ƙwayoyi masu tauri da ke iyo a cikin wani mai mai laushi. Tsufanta shi ne wannan mai ya riƙa raguwa, masu taurin suna ƙaruwa. Wani ɓangare na man zafi ne ke tafiya da shi, amma babban ɓarawon iskar oksijin ce, wadda ke sa kwanon rufi tsatsa, ita ce kuma ke sauya wa manki ƙamshi in kika bar shi a buɗe. Tana shiga jikin kwalta ta mai da mai laushin mai tauri, hasken rana da zafi suna taya ta. Daga nan titi ya koɗe, ya daina lanƙwasawa a ƙarƙashin taya, ya fara tsagewa.

Mutane sun ɗauka a titi kwalta ke fara tsufa. Tun a injin haɗi take farawa, inda ake gauraya ta da tsakuwa a zafin digiri 150 zuwa 170. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki a bayan gari, ina saurayin injiniya, na ga tifofi suna isowa da shuɗin hayaƙi yana tashi daga kayan. Ɗan kwangilar ya ƙara wuta ne don kada haɗin ya huce a hanya, wurin aikin da nisa. Na rubuta, aka ce mini yaro ne ni, ban san aiki ba. Damina biyu titin ya yi. Ranar da aka shimfiɗa shi baƙi ƙirin yana sheƙi, amma kwaltarsa ta riga ta tsufa a cikin tukunya.

Ki fita ki dubi titin layinku da kyau. In tsagewar manya-manyan gidaje ce kamar na dara, har gefen da mota ba ta bi, wannan tsufa ne zalla. In kuwa ƙanana ce a cunkushe kamar fatar kada, tana bin sawun taya, to nauyi ne ya hau kan ƙasa mai rauni, tsufa ya ƙara mata gudu kawai. Turawa ma da fatar kada suke kwatanta ta, mu mutanen garin kadduna ai mun fi kowa cancantar sunan.

Yanzu ga inda mai ya shigo. Idan titi ya tsufa, akwai injin da ke kankare kwaltar, a niƙa ta, a mayar cikin sabon haɗi maimakon a zubar. Da yake ta yi tauri, sai a ɗiga mata man tsirrai ya maye gurbin wanda ta rasa. A Amurka an yi nisa da wannan, musamman da man waken suya, har kamfanin Cargill yana sayar da irin wannan mai da sunan Anova. An kuma yi gwaje-gwaje da yawa da tsohon man suya irin naki. Amma sai an tace shi, an ƙone ruwan da ke ciki, an auna tsaminsa, sannan a zuba ɗan kaɗan. A kan kilo 100 na haɗin nan da na faɗa miki, abin da ake magana a kai bai fi cikin kofin shayi ba.

Dalilin wannan tsantseni, mai laushi yake ƙarawa, mu kuwa a Kaduna laushi ba abokinmu ba ne. Kwaltar da muka fi amfani da ita, mai lamba 60/70 (lambar da ke nuna taurinta), tana fara saki ne a wajen digiri 50, fuskar titi kuwa da tsakar ranar Maris da Afrilu tana iya haura 60. Ki ƙara mata mai ba awo, tirela ta bi, sai titi ya lotsa ya yi kunya-kunya kamar gonar dawa, ruwa ya samu wurin kwanciya. Na ga masu faci suna zuba baƙin mai ko gas a duron kwalta don ta yi musu sauƙin shafawa. Facin yakan yi kyau ranar, bayan mako biyu ki ga tsakuwar a gefen hanya. Sannan shi kansa man suya oksijin na cinsa. Yana dawo wa tsohuwar kwalta da laushi, amma bai tare mata iska ba. Masu tare iskar wani gida ne daban, ki karanta amsar da ke biye.

Manki kuwa, masu yin sabulun wanki suna saye. Ki daina dai juye shi a lambatu, yana daskarewa ya kama shara ya toshe hanyar ruwa, ruwan kuma titin naku zai koma ya ci.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan katako ne. Na ji an ce a Turai da garin katako ake titi yanzu. Mu nan har roƙon masu kaji muke yi su kwashe shi. Ina za mu kai namu? — Alhaji, kasuwar 'yan katako

Amsa: Alhaji, ba garin suke zubawa ba, wani abu suke cirowa daga jikin itace mai suna lignin. Shi ne ƙaron da ya riƙe zaren itace ya ba shi tauri, kuma yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin busasshen katako. Masana'antun takarda zaren suke so, don haka sukan dafa itacen su raba shi da lignin, yawancinsa kuma ƙona shi suke yi a matsayin makamashi.

Abin da ya sa injiniyoyin hanya suka sa masa ido shi ne yadda oksijin ke cin kwalta. Kamar wutar daji take yi: ciyawar da ta kama ita ke kunna ta kusa da ita. Lignin yana ɗauke da sinadaran da ake kira fenol, su kuma aikinsu irin na sharar da manomi ke yi a gefen gona ne, wuta ta zo nan ta tsaya. Tsufan bai tsaya cak ba, domin su ma a hankali suna ƙarewa, amma yana rage gudu. A Holan tun 2015 suke shimfiɗa titunan gwaji da shi, sun fara daga lardin Zeeland, masu binciken jami'ar Wageningen suna cikin aikin, har sukan maye rabin kwaltar da lignin. Su abin da ya fi damunsu rage dogaro da man fetur ne. Ni abin da ya ja hankalina daban ne: lignin yana ƙara wa kwalta tauri. A ƙasar ƙanƙara wannan abin tsoro ne, don sanyi na fasa titi mai tauri. A garin da titi ke saki da rana kamar namu, riba ce. In da za a tambaye ni inda za a zuba kuɗin bincike tsakanin man suya da lignin don sabon titi a Arewa, ba zan yi dogon tunani ba.

Matsalar ita ce wa zai dafa mana itacen. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina, ta Jebba da ta Oku Iboku da ta Iwopin, sun shafe shekaru cikin durƙushewa. Garin katako ɗanye kuwa in aka zuba shi a kwalta, ruwa zai sha ya kumbura ya ruɓe a cikin titi. Ka ci gaba da lallaɓa masu kajin nan, Alhaji.

Tambaya: Baba, ni ɗalibar injiniyancin gine-gine ce a Zariya, ina ajin ƙarshe. Kakata a ƙauye har yanzu da makuba take daɓe, kuma daɓen yakan yi shekaru ruwa bai ci shi ba. Ina so in yi aikin kammala karatuna a kan zuba makuba ko bagaruwa a kwalta. Abokaina suna yi mini dariya. Akwai hankali a ciki? — Ɗaliba, Samaru

Amsa: 'Yata, bar su su yi dariyarsu. Wannan ce wasiƙar da ta fi faranta mini rai a watan nan.

Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, bagaruwa kuwa ita majeman Kano ke jeme fata da ita tun kaka da kakanni. Dukansu biyu suna da tanin, shi ne mai ɗauren bakin nan da kike ji, shi ne kuma ke hana fatar da aka jeme ruɓewa. Tanin ɗan gidan fenol ne, dangi ɗaya da abin da ke aiki a cikin lignin. Ke nan tunaninki yana kan hanya. Wasu ƙasashen da abin da ke gabansu suka fara: a Cile sun gwada tukar inabin da aka matse, a arewa maso gabashin Burazil kuma ruwan ɓawon kashu, wannan mai ƙona fatar da duk wanda ya gasa ƙwallon yazawa yana yaro ya san shi. Shi ma fenol ne, ga shi kuma mai ne, yana narkewa cikin kwalta ba gardama. Kogi da Kwara da Oyo suna noma kashu sosai, amma yawancinsa da ɓawonsa muke loda shi zuwa Biyetnam da Indiya.

Abu na farko da zan ja miki kunne a kai, ruwa. Kakarki jiƙa makuba take yi. Ke kada ki kuskura ki kusanto da jiƙaƙƙen abu kusa da kwalta mai digiri 160. Ɗigon ruwa yana zama tururi nan take, kwaltar ta yi kumfa ta yi bori ta fito daga tukunya, ƙunarta kuwa manne wa fata take yi. Sai kin tsame ruwan makubar, kin busar da shi ƙayau, kin niƙa shi lukui. Tanin kuma abokin ruwa ne, ba ya son mai, don haka zai so ya kwanta a ƙasa. Akwai gwajin wannan: ki cika siririn bututun alminiyam da haɗin, ki tsayar da shi a tanda mai digiri 163 na awa 48, ki daskarar, ki yanka gida uku, ki gwada na sama da na ƙasa. In sun sha bamban, haɗinki zai rabu a cikin tankin ɗan kwangila tun kafin ya ga titi.

Sai gwajin tsufa. Ba za ki jira shekara goma ba, a tanda ake tsufar da ita. Na farko yana kwaikwayon injin haɗi: giram 35 na kwalta a kowace kwalba, kwalaben suna juyawa a zafin digiri 163 na minti 85 ana hura musu iska. In babu wannan tandar, akwai tsohon salo na faranti, digiri 163 ɗin dai, awa 5. Na biyu yana kwaikwayon shekarun titi: tukunya ce mai murfi, digiri 100, awa 20, da matsin iska kusan ninki goma na tayar ƙaramar mota. Wannan ta fito ne daga babban binciken hanyoyi da Amurka ta yi daga 1987 zuwa 1993, kuma sun tanadi digiri 110 don yankunan hamada. Ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, ki sa malaminki ya rubuta wa Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wato NBRRI, ko manyan kamfanonin da ke aikin hanya.

Kafin tsufa da bayansa za ki auna abu biyu. Allura mai ɗauke da giram 100, a sake ta kan kwalta mai digiri 25 na daƙiƙa 5, a ga zurfin da ta shiga. In ta shiga milimita 6 zuwa 7, ita ce 60/70 ɗin da kike gani a jikin duro. Sai zobe da ƙwallon ƙarfe, ana ɗumama ruwa a hankali har kwaltar ta saki ƙwallon ya zarce. Tsohuwar kwalta allura ba ta shigarta sosai, kuma sai ta sha zafi kafin ta saki.

Ga inda ɗalibai da yawa ke faɗawa, na duba ayyukansu na gani. Gari irin na makuba zai ƙara wa kwalta tauri tun ranar farko, mai kuma zai tausasa ta tun ranar farko. Sai mai man ya gwada bayan tanda ya ga tasa ta fi laushi, ya rubuta cewa ya magance tsufa. Bai magance komai ba, daga wuri mai laushi ya taso. Abin dubawa shi ne kashi nawa kowace ta rasa daga inda ta fara. Ki ajiye kwalta zalla daga duro ɗaya, ta shiga tanda ɗaya rana ɗaya da mai makubar, ki gwada kashi 2 da 4 da 6 cikin ɗari, kowanne sau uku. In sakamakon ya nuna makuba ba ta yi komai ba, ki rubuta hakan, kada ki gyara lamba don ki faranta wa kowa. Ki kuma gaishe mini da kakar taki.

Tambaya: Injiniya, shekara 22 ina jan tirela tsakanin Kaduna da Kano da Legas. Wane tsufa kuke ta magana? Titinmu ai ba ya kai wa tsufa, damina ɗaya ce ke cinye shi. — Direba, Mararrabar Jos

Amsa: Direba sarkin hanya, ka fi ni gaskiya a wurare da yawa. Titin da ba shi da magudana, ko wanda ba a daddanne burjin ƙarƙashinsa da rola yadda ya kamata ba, ko lignin ɗin duniya aka zuba masa watan Agusta zai tona shi. Tsufa yana shigowa ne ta nan: siririyar tsagar da kwalta mai tauri ta yi da rani ita ce ƙofar da ruwa ke bi da damina, ya jiƙa ƙasan, taya ta buga, rami ya buɗe. Shi ya sa liƙe tsaga a watan Maris ya fi facin rami a Oktoba araha nesa ba kusa ba.

Amma tunda ka taɓo ni, bari in taɓo ka. A gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji ana auna lalacewarsu. Abin da ya fito shi ne, in ka ninka nauyin da ke kan gindin taya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Buhu nawa ka ɗora a Dawanau makon jiya, kuma nawa aka rubuta a jikin motar?